Kafin a ce matarka juya ce, Malam je ka a auna ka

A ƙauyukanmu in aure ya shekara biyu uku shiru, kowa matar yake kallo. Uwar miji ta fara habaici a tsakar gida, a kai ta wajen mai rubutu, a haɗo mata jiƙe-jiƙe har cikinta ya ƙulle, ƙarshe a ce maigida ya ƙaro ta biyu, ita ma ta zo ta zauna shiru, kuma duk da haka ba mai cewa to shi fa? Alhali likitoci sun ce kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Kuma abin ba baƙo ba ne, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da shi a rayuwarsa.

Ka fara cire wannan daga kanka: ƙarfi a shimfiɗa daban, haihuwa daban. Mutum zai iya zama lafiya lau a ɗaki amma maniyyinsa ba ƙwayoyin haihuwa ko sun yi kaɗan ko ba sa motsi, kuma ido ba ya ganin wannan, kauri ko tsinkewar ruwa ba shi ne hujja ba. Shi ya sa mai lasifikar nan na ranar Juma'a a kasuwar Wudil da ke ɗaga kwalba yana rantsuwa ba zai gane matsalarka ba, bai auna ka ba ai.

In kun shekara ɗaya kuna tare ba tsarin iyali ba ciki, to lokacin asibiti ya yi, ku biyun. Na ce kuna tare fa, don wanda ya tafi cirani Legas ko Fatakwal yana leƙo gida sau biyu a shekara, lissafinsa daban. Kusantar iyali duk bayan kwana 2 ko 3 ya wadatar.

Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha, gwajin maniyyi. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba ka 'yar kwalba mai murfi, ka zuba duka a ciki, kar ka yi amfani da kororon roba na kemis don yana kashe ƙwayoyin. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, a aljihun da ke jikinka, ba a cikin but ɗin mashin da rana ta gasa ba. Wannan awa ɗayan shi ke ba mu wahala mu na karkara, don haka in garinku da nisa gara ku kwana a gidan ɗan'uwa a birni. Ana son a ga aƙalla kamar ƙwayoyin haihuwa miliyan 16 a kowace mililita ta maniyyi. In sakamako ya fito ba daɗi kar ka zube, jiki na ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi, zazzaɓi mai zafi ma kaɗai yana iya rage su na ɗan lokaci, shi ya sa ake maimaitawa bayan kamar wata 3.

In ka shiga wajen likita dan Allah ka faɗi gaskiya, nan ne mazanmu ke faɗuwa. Ka taɓa ciwon sanyi kana saurayi ka sha kafso biyu a kemis ka ce ka warke? Faɗa, yana iya toshe hanyar maniyyi, kuma in za a yi magani har da matarka ko matanka duka, in ba haka ba za ku yi ta miƙa wa juna. Ka yi hangum bayan ka balaga har maraina suka kumbura? An yi maka aikin gwaiwa? Akwai ciwon suga? Sai tsargiya, wadda mu 'yan fadama muka raina, yaro ya yi fitsarin jini a ce ai balaga ce, alhali tsutsa ce daga ruwan kududdufi da na noman rani, wajen Kura da Kadawa da Hadeja an san ta sosai, kuma tana taɓa hanyoyin maniyyi. Maganinta praziquantel.

Dalilin da aka fi samu kuma ake iya gyarawa shi ne kumburin jijiyoyin maraina, yawanci ɓangaren hagu, in ka taɓa a tsaye sai ka ji kamar tsutsotsi a leda. Yana ɗumama wajen, su kuwa maraina ba sa son zafi, dalilin da ya sa suke waje kenan. Tiyata ake yi ƙarama. Akwai likitocin mafitsara a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Abubakar Imam duk a Kano, na Jigawa su fara da Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya (FMC) na Birnin Kudu a tura su gaba.

Naka aikin a gida: taba, wiwi, tiramol, ajiye su. In za ka yi feshi a gona rufe hanci, ka rufe hannuwa, ka yi wanka ka canza kaya, ba ka zauna cin tuwo da rigar feshi ba. Allurar testosterone (sinadarin mazakuta) kuwa da wasu ke yi wai ƙarin ƙarfi, ita ce ma ke tsayar da ƙera ƙwayoyin, kar ka yarda sai likita ya rubuta.

Ranar komawa ka tafi da takardun gwajin duka biyu, na farko da wanda aka maimaita, da kwalaben duk abin da kake sha har na gargajiyan, a leda, ka zube wa likita a tebur.