Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran fitilar mota mai gumi da ƙone ƙwai

Duk lokacin da damina ta kankama, masu mota da yawa sukan wayi gari su tarar cikin gilashin fitilar gaba ya yi gumi, kwana kaɗan bayan haka kuma ƙwan fitilar ya ƙone. Sau da yawa matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, amma sai a garzaya a sayi sabon ƙwai ba tare da an binciki ta inda ruwa ke shiga ba.

Babban kuskuren da ya fi damuna shi ne toshe kafofin iska. Kowace fitila tana da ƙananan kafofi a bayanta, galibi da ɗan bututun roba mai lanƙwasa, waɗanda masu ƙera mota suka bari da gangan domin iska mai zafi ta fita. Idan aka lafta musu gam da sunan hana ruwa shiga, danshin da ke ciki ya rasa hanyar fita ke nan. Ɗan hazo da ke bayyana a gefen gilashi bayan wanki ko da sanyin safiya ba lalacewa ba ce, kunna fitila na ɗan lokaci yakan kore shi. Ɗigon ruwa manya, ko ruwan da ya kwanta a ƙasan fitila, su ne alamar akwai tsaga ko gam ɗin da ya haɗa gilashi da jikin fitilar ya saki. Nan ne za a cire ƙwan, a busar da cikin da iska mai ɗumi, sannan a like wurin da ya buɗe kaɗai. Huda fitila da ƙusa mai zafi, kamar yadda wasu ke yi, ƙofa ce ake buɗe wa ƙurar hunturu.

A duba murfin bayan fitila, wanda ke rufe wurin da ake sa ƙwai, tun kafin a zargi gilashi. Ana yawan mantawa da shi bayan canza ƙwai, ko a jefar da shi saboda ƙwan LED mai fanka bai samu wurin zama ba.

Game da ƙwan kansa, kada a taɓa gilashin ƙwan halojin, wato ƙwai mai siririyar waya a ciki, da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya ɗauki zafi fiye da kima har ya kumbura ya fashe. A riƙe shi ta gindin ƙarfensa, idan kuma an riga an taɓa, a goge da sifirit. Haka nan sanya ƙwai mai wat 100/90 a gurbin ƙwai samfurin H4 mai wat 60/55 domin neman ƙarin haske yana narkar da soket, ya ƙona wayoyi, ya kuma dusar da madubin cikin fitilar. Idan fis ya ƙone, a sa irinsa, kada a ɗaura masa waya.

Idan ƙwai na ƙonewa a kai a kai alhali fitilar a bushe take, mai gyaran wayar mota ya auna wutar batir injin yana aiki. Daidai ita ce tsakanin volt 13.8 da 14.4. Ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai a kan ƙarfin wutar yana iya rage rabin kwanakin ƙwan halojin, kuma a wannan hali altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ce ke buƙatar gyara.