Yadda Shagonka Zai Fito a Sahun Gaba Idan an Nemi Sana'arka a Google

Idan baƙo ya sauka a Sakkwato ya rubuta "mai gyaran waya" a Google, taswira ce ke fara bayyana, a ƙarƙashinta kuma sunayen shaguna uku. Kamfanin Google da kansa ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa kafin ya jera su: dacewar kasuwancin da abin da aka nema, nisansa daga mai neman, da kuma shahararsa. Ya kuma ce kuɗi ba sa sayen wannan matsayi, domin talla daban take kuma akan yi mata alama.

Matakin farko shi ne buɗe shafin Google Business Profile, wato shafin da ke nuna bayanan shagonka a Google da taswirarsa, wanda kyauta ne, kuma kafin 2021 ana kiransa Google My Business. Za a nemi ka tabbatar da cewa shagon naka ne, sau da yawa ta hanyar ɗaukar bidiyon da ke nuna titi, allon suna da kayan aikinka.

Nisa ba ya hannunka, domin mai shago a unguwar Arkilla ta Sakkwato ba zai ƙwace wa na unguwar Mabera mutanen da ke tsaye a Mabera ba. Abin da ke hannunka shi ne alamar shagon ta zauna daidai a kan taswira, kuma a nan ne 'yan kasuwarmu suka fi yin sakaci. Mun saba da kwatance irin na "bayan masallaci, daura da gidan mai", wanda ɗan acaɓa ke ganewa amma kwamfuta ba ta gane shi. Saboda haka ka tsaya a bakin ƙofar shagon da wayarka, ka ja alamar har ta sauka inda ƙafarka take, musamman idan rumfarka tana cikin kasuwa inda layuka suka yi kama da juna.

A ganina babu abin da ya kai zaɓen rukunin sana'a nauyi wajen dacewa. Telan da ya sa kansa a rukunin masu sayar da tufafi zai yi ta mamakin yadda masu neman ɗinkin Sallah ba sa ganinsa. Sunan kuma ya zama wanda ke kan allonka. Cusa masa kalmomi irin su "mai rahusa a Sokoto" ya saɓa wa ƙa'ida, kuma yana iya jawo dakatar da shafin. Suna, adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a nan da Facebook da duk inda aka ambace ka. Ka gyara lokutan aiki na ranar Juma'a, watan azumi da ranakun Sallah.

Shahara kuwa, cikin abubuwan da take dogara da su akwai yawan ra'ayoyin abokan ciniki da taurarin da suke bayarwa. Lokacin da ya fi dacewa a roƙi mutum ya rubuta ra'ayinsa shi ne sa'adda ya karɓi kayansa yana murmushi, sai ka tura masa mahaɗin shafin naka ta WhatsApp kafin ya bar shagon. Kada ka biya kowa, kada ka tara 'yan uwa su rubuta yabon abin da ba su saya ba, domin Google na goge irin wannan. Wanda ya yi ƙorafi kuma ka amsa masa da ladabi, ka faɗi gyaran da ka yi, tunda mai saye na gaba zai karanta amsar kafin ya kira lambarka.