Yadda Za Ka Kai Bukatun Yau Gaban Allah

1. Da ka farka, kafin ka taɓa waya, nemi inda ba hayaniya. A Matiyu 6:6 Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Minti goma ma ya isa.

2. Fara da godiya. Ambaci abu biyu da Allah ya yi maka jiya.

3. Sai ka faɗi bukatarka dalla-dalla: kuɗin haya, maganin yaron da ya kwana yana tari, aikin da kake nema. A nan ne yawancinmu muke kewaye-kewaye, kamar muna jin kunyar Ubanmu. Ka roƙi na yau, yadda Addu'ar Ubangiji ta koyar a Matiyu 6:11. Tuna da manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa kowace safiya a jeji, a Fitowa 16: waɗanda suka ajiye saura don gobe sun tarar ya yi tsutsa, yana wari.

4. Rubuta abin da ka roƙa, da kwanan wata.

5. Ka rufe cikin sunan Yesu, ka kama aikinka. In damuwa ta dawo da rana, kuma takan dawo, karanta Filibiyawa 4:6-7, ka sake miƙa ta ga Allah a inda kake tsaye.