Darasi na 7: Idan Gem Yana Jan Ƙafa a Kwamfutar da Ba Ta da Katin Hoto na Daban

Yawancin laftof na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, don aikin ofis aka ƙera su. Galibinsu ba su da katin hoto mai zaman kansa irin na Nvidia. Abin da ke zana hoto a cikinsu wani sashe ne da aka gina a jikin farosesa, wato CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta. A na Intel sunansa HD Graphics, UHD Graphics ko Iris Xe, a na AMD kuma Radeon. Irin wannan girafik ɗin yana buga PES 2017 ko GTA San Andreas lafiya lau, har GTA V ma yakan lallaɓa, amma sai an san abin da yake riƙe masa ƙafa.

Ku auna kafin ku taɓa komai

Motsin da kuke gani a gem hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri. Kowane hoto ɗaya sunansa firam. Adadin da kwamfuta ta zana a sakan ɗaya shi ake kira FPS. Fim ɗin silima a kan 24 yake tafiya. Gem kuwa, da yake hannunku ne ke tuƙa shi, sai ya kai 30 yake fara daɗi, 60 kuma shi ne sumul.

A Windows 10 da 11, ku danna maɓallin Windows tare da G, za ku ga wani akwati mai suna Performance, a nan FPS yake. Ku zaɓi wuri ɗaya a cikin gem ɗin, misali fili ɗaya da ƙungiyoyi biyu da ba za ku canja ba, ku rubuta lambar a takarda. Duk gyaran da kuka yi, ku koma wurin nan ku sake aunawa. Kada ku canja abu biyu a lokaci guda, don ba za ku san wanne ya yi aiki ba.

Ku lura da yadda matsalar take zuwa, domin shi ne rabin maganin. Idan lambar a ƙasa take tun daga farko har ƙarshe, ku duba direba (manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da girafik), caja, saiti da RAM (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi). Idan gem ya fara da kyau sai bayan minti goma ko sha biyar ya fara jan ƙafa, zafi ne. Idan kuma yana tafiya sai ya daskare na sakan ɗaya ko biyu ya ci gaba, RAM ne ya cika ko wata manhaja ce take aiki a ɓoye. Wanda FPS ɗinsa yake 60 amma 'yan wasa suna ɓacewa suna ɓullowa a wasan intanet, tasa matsalar netwok ce, ba ta cikin wannan darasi.

Direba da caja

Sau da yawa mai gyara yakan sa sabon Windows ya miƙo kwamfuta ba tare da ya sa direban girafik ba. Ku danna alamar Start da maɓallin dama na linzami, ku buɗe Device Manager, ku shiga Display adapters. Idan kuka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to babu direba. Farosesa ce take zana hoton da kanta ba tare da sashen girafik ba, kuma babu saitin da zai taimaka sai an sa shi. Ku sauko da shi daga shafin kamfanin laftof ɗin ko na Intel ko AMD, da lambar samfurin da ke ƙarƙashin kwamfutar.

A kan batir laftof rage ƙarfinta take yi da gangan don cajin ya daɗe. Don haka a jona caja lokacin gem, a kuma sa yanayin wuta a kan Best performance. Ita ma cajar a duba rubutun jikinta. Kwamfutar da aka yi wa caja mai wat 65, idan aka ba ta mai wat 45, tana iya yin caji amma ta ƙi sakin ƙarfinta. Laftof ɗin Dell ma suna tantance caja ta siririyar allurar da ke tsakiyar bakinta. Idan allurar ta karye ko cajar jabu ce, kwamfuta takan nuna gargaɗi lokacin kunnawa, sannan ta danne gudun farosesa sosai. Ku buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, ku shiga Performance, ku dubi Speed a ƙarƙashin CPU. Idan ya maƙale a ƙasa da 1 GHz alhali gem yana kunne, ku aro caja ta asali ku gwada.

Saitin cikin gem

Babban abin da ke cin ƙarfin girafik shi ne yawan ɗigon da zai zana, wato Resolution. Girman 1920 sau 1080 ɗigo 2,073,600 ne a kowane firam. Girman 1366 sau 768 ɗigo 1,049,088 ne, kusan rabi ke nan. Girman 1280 sau 720 kuma 921,600. Saboda haka sauka daga 1080 zuwa 720 ya fi duk wani gyara na kyauta tasiri, kuma a allon inci 14 bambancin kyan hoton bai kai yadda ake zato ba.

Bayan shi sai inuwa, wato Shadows, da Anti-aliasing mai goge kaifin gefen abubuwa, da Reflections, da Ambient Occlusion. Ku kashe su ko ku mayar da su Low. A wasannin PES waɗannan zaɓuɓɓuka suna cikin wani fayil mai suna Settings a foldar gem ɗin. V-Sync kuma, mai daidaita firam da gudun allo, yana da wani hali: idan kwamfuta ta kasa kai 60, a wasu gem yakan yanke ta kai tsaye zuwa 30. Ku kashe shi ku auna. Amma idan lambar tana hawa da sauka tsakanin 30 da 45, gara a kulle ta a 30. Tsayayyen 30 ya fi daɗin bugawa a kan 45 mai rawa, kuma kwamfutar ba za ta yi zafi sosai ba.

RAM, inda kuɗi ya fi amfani

Katin hoto na daban yana da nasa ma'aji mai sauri. GTX 1050, wanda ba wani babban kati ba ne, yana kwasar gigabait 112 a sakan. Girafik na jikin farosesa ba shi da ma'aji ko kaɗan, RAM ɗin kwamfuta yake rabawa da farosesa. Sandar RAM nau'in DDR4-2400 guda ɗaya gigabait 19.2 take bayarwa a sakan, ta DDR3-1600 kuma 12.8. Mutum biyu ne a bakin rijiya da guga ɗaya, kowa sai ya jira ɗan'uwansa. Idan aka sa sanda biyu, hanya biyu ce ta buɗe, lambobin nan su ninka zuwa 38.4 da 25.6. Shi ya sa sanda biyu masu gigabait 4 suka fi sanda ɗaya mai gigabait 8 a wajen gem, ko da yake jimillar ɗaya ce. Masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba, gigabait nawa ne kawai ake ciniki a kai.

A Task Manager ku shiga Memory ku dubi Slots used. Idan an rubuta 1 of 2, akwai gurbi a buɗe. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta nuna muku nau'in sandar da gudunta a shafinta na SPD. Ku sayi mai irin girmanta da gudunta. DDR3 ta laftof ƙafa 204 gare ta, DDR4 kuma 260, tsagar jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya, kada a tura da ƙarfi. Akwai kuma DDR3L mai aiki da bolt 1.35, saɓanin DDR3 mai 1.5. Laftof masu farosesar Intel zubi na 4 da na 5 DDR3L suke so, idan aka sa musu ta 1.5 suna iya ƙin kunnuwa. Ku tafi da kwamfutar shagon, a sa a gabanku, ku ga CPU-Z ta nuna hanya biyu kafin ku biya. Wasu siraran laftof an like RAM ɗinsu a jikin bod, ko gurbi ɗaya tak gare su. Waɗannan sai haƙuri.

Mai gigabait 4 kacal shi ya fi fama da daskarewa. Windows ta ci nata, girafik ya ci nasa, abin da ya rage bai ishi gem ba, sai kwamfuta ta koma ajiya a had dis, wanda ya fi RAM nauyin jiki nesa ba kusa ba. Ku rufe Chrome da duk abin da ba ku buƙata kafin ku fara. Sa SSD, ma'aji mai sauri da ke maye gurbin had dis, yana rage wannan daskarewar da jiran lodi, amma ba ya ƙara FPS.

Zafi da ƙura

Farosesa irin su Core i5-6200U, i5-7200U da i5-8250U wat 15 aka tsara musu, kuma ita da girafik ne suke raba wannan wutar da bututun sanyaya guda. Da zafi ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Manhajar HWiNFO tana nuna zafin. Lokacin gem 75 zuwa 85 ba laifi, amma idan yana zama a 95 ko sama, an gano mai laifin. A bazarar Kano, Sakkwato ko Yamai, inda iskar ɗaki kanta takan haura digiri 40, fanka iska mai zafi take hurawa. Ƙurar hunturu kuma takan taru ta zama kamar auduga tsakanin fanka da haƙarƙarin ƙarfen da iska ke fita ta ciki.

Kada a ɗora laftof a kan katifa, filo ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A ɗora ta a kan tebur, a ɗaga bayanta da santimita biyu ko uku. Wajen share ƙura, a kashe ta, a cire caja da batir, a danna maɓallin kunnawa na sakan goma, sannan a kwance murfin ƙasa. A riƙe fanka da yatsa lokacin hura iska, kada a bar ta tana juyawa da gudu. A cire dunƙulen ƙurar da buroshi mai laushi. Idan kwamfutar ta yi shekaru ba a buɗe ta ba, man sanyaya da ke tsakanin farosesa da farantin tagulla ya bushe. A goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar da sukurori bisa lambobin da aka rubuta a gefensu, kaɗan-kaɗan. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, bushewa yake yi cikin kwanaki. Wanda bai saba kwance kwamfuta ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya a kan aikin.

Akwai wata dabara a Power Options, cikin Advanced settings, ƙarƙashin Processor power management: a mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. Wannan yana hana farosesa ƙarin gudun da ake kira Turbo, sai zafi ya ragu, girafik ya samu rarar wuta. A i5-7200U asarar kaɗan ce, daga 3.1 GHz zuwa 2.5. A i5-8250U kuwa zai sauko har 1.6 GHz, abin da kan iya ɓata wasu gem ɗin. Ku auna, idan lambar ta faɗi ku mayar.

Abin da ba ya aiki

Za ku ga bidiyo da yawa masu koyar da “ƙara VRAM” (ma'ajin girafik) ta cikin Registry, rumbun saitin Windows. Lambar da gem yake gani kawai suke canjawa, saurin bai ƙaru ba, domin Windows da kanta tana ba girafik har rabin RAM idan ya buƙata. Manhajojin “game booster” ma rufe abubuwa kawai suke yi, aikin da Task Manager yake yi kyauta. Gem ɗin da aka kwafo a filas ko aka sauko daga shafin da ba a sani ba kuwa, wani lokaci yakan zo da manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye. Alamarta ita ce CPU ko GPU, wato girafik, suna aiki sosai, fanka tana ƙara, alhali ba ku buɗe komai ba.

Aikin gida: ku auna FPS a 1366 sau 768 da kuma 1280 sau 720, da caja da kuma babu caja, ku rubuta lambobin huɗu. Ku haɗa da abin da Slots used ya nuna da zafin kwamfutar bayan minti ashirin na wasa, ku zo da takardar a aji na gaba.