Yadda mai gadi zai ga hanya in an ɗauke wuta

Shekarata goma sha ɗaya ina gadi a Legas, daga Agege har gidan da nake yanzu a Surulere. Maigidana likitan ido ne, shi ya warware min abin da na daɗe ina gani ban gane dalilinsa ba. Kai da ka zo sabo, buɗe kunne.

Da an ɗauke wuta, kada ka yi wuf ka zaro waya. Zauna kan bencinka tukuna. A can bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aikin gani. Na rana wajen miliyan 6 ne, su ke rarrabe launi. Na dare sun haura miliyan 90, siffarsu kamar ƙananan sanduna. A cikinsu akwai furotin mai suna rodofsin, wanda wani Bajamushe, Franz Boll, ya gano a 1876. Haske mai ƙarfi yana wargaza shi, kuma a hankali yake sake haɗuwa. Sai ka yi minti ashirin zuwa talatin cikin duhu kafin idonka ya zauna sosai. Ka leƙa WhatsApp sau ɗaya, ka mai da hannun agogo baya.

In ya zama dole ka duba waya, ko mota ta dallo ka da fitila, runtse ido ɗaya. Kowane ido da nasa lissafin, wanda ka rufe ba zai yi asara ba. Ni har jar leda nake ɗaurewa a bakin tocilata, don jan haske bai cika taɓa ƙwayoyin dare ba.

Ka ji motsi a kan katanga? Kada ka zuba wa wurin ido kai tsaye, tsakiyar ido babu ƙwayoyin dare. Ɗan kauda kallonka gefe, sai abin ya fito. Da haka na gane ɓarawon da ya hana ni sakat wani dare ashe kyanwar makwabta ce. Kuma kada ka rantse wa kowa cewa jar riga mutum ya sa, ƙwayoyin dare ba su san launi ba.

Rodofsin ba ya haɗuwa sai da bitamin A. Ci hanta, ƙwai, karas da zogale, manja kuwa nan garin ba sai an nema ba. In kuma da magariba ta yi kake laluben hanya, dundumi ke nan, je asibitin ido a duba ka.