Yadda jagoran adawa zai tayar da jam'iyyar da ta durƙushe

A zaɓen shugaban ƙasa na 2011, Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a 12,214,853 a ƙarƙashin CPC, ya kuma lashe jihohi 12 na Arewa. Da aka zo zaɓen gwamnoni bayan 'yan kwanaki, jam'iyyar ta tashi da kujera ɗaya tak, ta Nasarawa, jihar da shi kansa Buharin bai ci ba. A Kano, rigimar wa ke da tikiti tsakanin Lawal Jafaru Isa da Mohammed Abacha ta raba kan magoya baya. A Katsina ma aka yi ta ja-in-ja tsakanin Aminu Bello Masari da Yakubu Lado Ɗanmarke har gaban kotu. Jama'a na son mutumin, amma babu tsayayyar jam'iyyar da za ta mayar da wannan ƙaunar kujeru. Duk jagoran adawar da ya tsinci kansa riƙe da jam'iyya mai rauni ya dinga tuna wannan shekarar. Farin jini yana cika filin taro, amma aikin da ke tayar da jam'iyya ana yin sa ne a ofis da mazaɓa, yana da gajiyarwa, kuma ba a tafa wa mutum a kansa.

Fara da sanin inda aka yi tuntuɓe

Kafin a buga fosta ko a kira gangami, a tattaro sakamakon zaɓen da ya wuce rumfa-rumfa. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan ƙarin da INEC ta yi a 2021. A raba mazaɓu gida uku: inda aka ci, inda aka faɗi da ƙaramar rata, da inda jam'iyyar ba ta ma da wanda zai riƙe mata tuta. Kaso na biyu shi ne ya fi cancantar kuɗi da lokaci. A kuma duba inda aka faɗi don magoya baya sun ƙi fitowa, domin maganinsa daban yake da na inda suka fito suka zaɓi wani.

Sannan a kafa kwamiti ya zagaya ya saurari shugabannin mazaɓu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen da aka faɗi ya shugabanci kwamitin, don ba zai rubuta laifin kansa ba. Jam'iyyar NDC ta Gana ta yi haka bayan kayen 2016, ta ɗora wa Kwesi Botchwey aikin, ta koma gyaran rassanta na ƙasa. Ta sake faɗuwa a 2020, sai a 2024 John Mahama ya dawo mulki. Wannan ya nuna tsawon aikin: wanda ya yi wa magoya bayansa alkawarin gyara cikin wata shida ya shirya musu karayar zuciya.

A kashe wutar shugabanci tun tana ƙarama

Jam'iyyar da ta faɗi zaɓe takan wayi gari da mutum biyu kowa na cewa shi ne shugaba. PDP ta ɗanɗana wannan. Shugabanta Adamu Mu'azu ya sauka a watan Mayun 2015, Ali Modu Sheriff ya hau a farkon 2016, babban taron Fatakwal na watan Mayun wannan shekarar ya naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Ahmed Makarfi, aka shiga kotu. Sai ranar 12 ga Yulin 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Makarfi. Fiye da shekara guda ta tafi a kan wanda ke da ikon sa hannu a takardar da za a aika wa INEC, alhali a wannan lokacin ne ya kamata a ce ana gina mazaɓu.

Maganin abin ba shi da armashi, amma yana aiki: a bi kundin jam'iyya harafi da harafi. Wa ke da hurumin kiran taro, kwana nawa ake ba da sanarwa, mutum nawa ne suka isa a yanke hukunci, wa ke rubuta bayanin zama. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a sanar da INEC aƙalla kwana 21 kafin babban taro ko taron zaɓen shugabanni, in ba haka ba taron ya zama na banza. Tsarin mulki kuma ya ce a dinga zaɓen shugabannin jam'iyya ba tare da an wuce shekara huɗu ba. Dokar zaɓe kan sauya, an yi ta 2006 da ta 2010 da ta 2022, saboda haka a samu lauya guda wanda aikinsa shi ne riƙe jadawalin wa'adi bisa dokar da ke aiki a ranar, kuma yana da ikon cewa a dakata.

Rajista da mazaɓa

Yawancin jam'iyyun da suka durƙushe ba su san adadin 'ya'yansu na gaskiya ba. Rajista tana hannun wani jigo a gidansa, ana fito da ita ne in za a murɗe zaɓen shugabannin mazaɓa. A sake ta daga tushe: suna, lambar waya, lambar katin zaɓe, da rumfar da mutum yake jefa ƙuri'a. A ajiye kwafi a littafi a ofishin mazaɓa, wani a kwamfuta a hedikwata. Dokar 2022 ta wajabta miƙa wa INEC rajistar aƙalla kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Kada a raina wannan. A watan Nuwambar 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a Kano bisa hujjar cewa sunansa ba ya cikin rajistar NNPP, duk da ya samu ƙuri'a 1,019,602. Kotun Ƙoli ce ta mayar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024.

Mazaɓa mai rai tana da alamomi: ofishi ko da shago ɗaya ne, zama sau ɗaya a wata da ake rubuta waɗanda suka halarta, da mutum guda mai kula da kowace rumfa wanda a unguwar yake kwana. Shugabar mata ta zama wadda ke shiga gidaje da gaske, ana ganin ta a biki da suna da ta'aziyya, domin a garuruwanmu da yawa layin mata ne ke yanke hukunci ranar zaɓe. Jagora ya dinga kai ziyara ba tare da sanarwa ba. In an san ranar zuwansa, za a yi masa hayar jama'a, ya koma da labarin da ba shi ne a ƙasa ba.

Kuɗi

Nan ne yawancin gyara ke mutuwa. Jam'iyyar da ba ta da gwamnati takan faɗa hannun attajiri ɗaya ko gwamna ɗaya da ke biyan hayar ofis da albashin ma'aikata, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar fid da gwani zai kawo nasa ɗan takarar, babu mai iya ce masa a'a. Dogaro da kuɗin fom ma tarko ne. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Irin wannan kuɗin sau ɗaya yake zuwa a shekara huɗu, kuma yana korar mutanen kirki marasa hali.

A dawo da kuɗin wata-wata, ko yaya ƙanƙantarsa. Mutum 200 a mazaɓa, kowa naira 200, sun tara naira 40,000 a wata, abin da zai riƙe ofis da zama. Amfaninsa ya wuce adadin: wanda ya biya yana jin jam'iyyar tasa ce, zai kuma tambayi inda kuɗin ya tafi. Masu riƙe da muƙamai a ƙarƙashin jam'iyyar su dinga ba da kaso sananne daga albashinsu. Asusu ya zama da sunan jam'iyya, mutum biyu ko uku ke sa hannu, a karanta lissafi a gaban taro. Gudummawar 'yan uwa mazauna ƙetare kuwa a yi hattara da ita, domin sashe na 225 na tsarin mulki ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje, ya ce a miƙa wa INEC cikin kwana 21.

Zaɓen fid da gwani

Babu abin da ya kashe jam'iyyu a ƙasar nan kamar ɗauki-ɗora. Wanda aka kayar a fili yakan haƙura. Wanda aka zalunta yakan zauna a cikin gida ya yi zagon ƙasa, kuma ɓarnarsa ta fi ta wanda ya sauya sheƙa. A fitar da ƙa'idoji watanni kafin ranar, a manna sunayen masu zaɓe a inda kowa zai gani, a ƙirga ƙuri'a a bainar jama'a. In maslaha aka zaɓa, dokar 2022 ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye da yardarsu. Maslahar da aka yi a ɗakin otal aka sanar da sauran ta rediyo, kotu za ta je.

APC ta yi wannan daidai a watan Disambar 2014 a Legas. Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, Rabiu Kwankwaso 974, Atiku Abubakar 954, an ƙirga kowa na kallo, waɗanda suka faɗi kuma suka tsaya a jam'iyyar har zaɓe. Ita dai APC ɗin ce ta kasa yin sahihin fid da gwani a Zamfara, ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce duk ƙuri'un da ta samu a jihar sun tafi a banza, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A Filato kuma, a 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige gwamna da 'yan majalisar PDP kan batun tarukan zaɓen shugabannin jam'iyyar a jihar. Kotun Ƙoli ta tsamo gwamna Caleb Mutfwang, amma shari'ar 'yan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, kujerunsu sun tafi.

Washegarin fid da gwani, jagora da ɗan takarar da ya ci su je gidan wanda ya faɗi da ƙafarsu. A ba mutanensa gurabe na gaske a kwamitin yaƙin neman zaɓe. Jinkirin mako biyu ya isa abokan hamayya su riga ku zuwa.

Burin jagora da batun haɗaka

Abu mafi wuya shi ne jagora ya raba burinsa da lafiyar jam'iyya. In kowa ya fahimci cewa gyaran share fagen takararsa ne, sauran manya za su naɗe hannu. Ya bar kujerar shugabancin jam'iyya ga wani yanki da wani ɓangare. A 2023 gwamnonin PDP biyar ƙarƙashin Nyesom Wike sun juya wa Atiku baya bayan an ƙi sauke shugaban jam'iyyar Iyorchia Ayu, suna cewa ɗan takara da shugaban jam'iyya duk daga Arewa suke. Ko a tarihi, PRP ta Malam Aminu Kano da ta ci Kano da Kaduna a 1979 ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, cikin ɗan lokaci, kuma ba ta sake komawa ƙarfinta ba.

Lissafin haɗaka a bayyane yake. A 2023 Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726, alhali Atiku da Peter Obi da Kwankwaso, waɗanda dukansu 'yan PDP ne a 2019, sun tara sama da miliyan 14 da rabi a rarrabe. Tsarin mulki kuma yana neman kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jam'iyyar yanki ɗaya ba ta isa ba. CPC da ACN sun yi yunƙurin haɗa kai dab da zaɓen 2011, abin ya watse. Da suka sake, sun fara da wuri: an sanar da APC a watan Fabrairun 2013 tare da ANPP da wani ɓangare na APGA, INEC ta yi mata rajista ranar 31 ga Yuli, gwamnonin PDP biyar suka shigo a Nuwamba. A yi haɗaka shekara biyu kafin zaɓe, a rubuta yadda za a raba shugabanci a kowace jiha, domin a jiha ne tsofaffin 'yan jam'iyya da baƙi ke karo.

Saƙo kuwa a taƙaita shi. Abu biyu ko uku da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, kamar tsaro da tsadar abinci da takin zamani, tare da abin da jam'iyyar za ta yi a kai. Sojojin baka masu zagi a rediyo suna faranta wa 'yan gida rai, amma suna korar wanda bai yanke shawara ba. In jam'iyyar na riƙe da jiha ko da ɗaya ce, aikin gwamnanta shi ne hujjar da za a nuna.

Wakilan akwati

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wakili ɗaya a kowace rumfa, a naira 10,000 kacal, ya haura naira biliyan 1.7 a faɗin ƙasa, saboda haka a fara ware kuɗin tun shekara guda kafin zaɓe. Kano kaɗai na da rumfuna 11,222 a mazaɓu 484. A zaɓo wakili daga rajistar rumfarsa, a aika sunansa ga INEC cikin wa'adi, a koya masa aikin: ya ga an tantance kowa da na'urar BVAS, ya tabbatar jami'in zaɓe ya buga hatimi ya sa hannu a takardun ƙuri'a, ya duba cewa yawan ƙuri'u bai wuce yawan waɗanda aka tantance ba, ya karɓi kwafin takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, ya ɗauki hotonta ya tura, sannan ya bi akwati har wurin tattara sakamako na mazaɓa. A biya shi rabi da safe, rabi in ya kawo takardar, kuma kuɗin ya shiga hannunsa kai tsaye, don in ya bi ta hannun jiga-jigai ba ya isa. A tanadi abincinsa da cajin wayarsa, saboda wakilin da yunwa ta kora da la'asar ya bar akwatin a lokacin da ake ƙirga. Kwana 21 kacal doka ta bayar a shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako, don haka a sa mutum a kowace ƙaramar hukuma ya tattara takardun EC8A na asali, ya jera su mazaɓa-mazaɓa, su isa hannun lauyoyi cikin kwana uku.