Darasi na Bakwai: Maganin Ƙwari daga 'Ya'yan Dogon Yaro

Da wuya ka bi wani titi a cikin garin Gombe, ko ka shiga ƙauyukan Akko da Yamaltu Deba, ba ka ga dogon yaro ba. Wasu na kiransa maina, Kanawa kuma darbejiya. Muna shan inuwarsa, muna asuwaki da reshensa, amma 'ya'yansa sai dai a share a zubar. To, a cikin waɗannan 'ya'yan maganin yake.

Asalin bishiyar daga ƙasar Indiya take. A 1959 wani masanin ƙwari ɗan Jamus, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sai fara ta sauka. Ta cinye ganyen itatuwa kaf, ta bar dogon yaro kore shar. Daga baya, a 1968, masana a Ingila suka ware sinadarin da ke hana ta ci, ana kiransa azadiraktin. Ya fi yawa a ƙwallon ɗan, na ganye kaɗan ne. Shi ya sa mai dafa ganye kawai ba ya samun biyan buƙata sosai.

Idan 'ya'yan suka nuna sukan yi rawaya su zubo. Jemagu ma sun rage maka aiki: su tsotse naman da dare, su yar da ƙwallon a gindin bishiya. Ka tsince, ka wanke sauran naman da ya maƙale, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙayau. Wanda ya yi baƙi ko ya yi funfuna, jefar da shi. Ajiya kuwa a kwando ko buhun algarara, inda iska ke shiga. A leda ruɓewa zai yi.

Ranar haɗi, ka sussuka shi a hankali ɓawon ya fashe, a sheƙe, sannan a daka ƙwayar ta yi laushi. Amma fa ka nemi tsohon turmi. Wanda ya ari turmin uwargida ya daka dogon yaro, mako guda zai yi yana cin tuwo mai ɗaci, ga mita.

Ga lissafin, ku rubuta a littafinku. Kowace lita 1 ta ruwa tana son giram 50 na dakakken ƙwallo. Lita 10, rabin kilo ke nan. Lita 20, kilo 1. Idan injin feshinka mai cin lita 16 ne, giram nawa kake buƙata? Ba kowa ke da sikeli ba, don haka ka je wurin mai shago sau ɗaya ya auna maka rabin kilo, ka zuba a kwano, ka yi alama a inda ya tsaya. Kwanon nan ya zama ma'auninka.

Ka ƙulle garin a tsumma, ka jiƙa a bokitin ruwa ya kwana. Da gari ya waye ka matse sosai, ruwan zai yi fari-fari kamar tsinkakken kunu. Tace shi sau biyu da ƙyalle mai laushi, domin ɗan tsaki ɗaya ya isa ya toshe bakin injin, ka tsaya tsakiyar gona kana busa shi da baki, abin da bai kamata ba. Narka ɗan sabulun wanki kamar girman kwalin ashana ka zuba, shi ke sa maganin ya kama ganye. Dusar da ta rage a watsa a gindin shuka, taki ce.

Feshi da yamma ake yi, bayan la'asar sakaliya. Hasken rana na kashe ƙarfin maganin, kuma da yamma ƙudan zuma sun koma amya. Ka riƙa juya bakin injin yana bugun ƙarƙashin ganye, can darɓa da farin ƙuda ke ɓuya. A masara ka sa shi cikin kunnen shuka, inda tsutsar nan mai cin zuciyar masara ke kwanciya, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016. Abin da aka haɗa a yi amfani da shi ranar, ba ya ajiyuwa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke yanke ƙauna. Mun saba da maganin kanti, kana fesawa ƙwari na zubowa. Dogon yaro ba haka yake ba. Washegari za ka je gona ka tarar da tsutsa zaune a kan ganyen wake, da ranta, ka ce an yaudare ka. Duba da kyau, Malam. Ba ta ci. Maganin ya toshe mata sha'awar abinci, ya kuma hana ta saɓa, wato sauya fatar da take yi kafin ta girma. Cikin 'yan kwanaki za ta mutu ba ta kai ga yin ƙwai ba. Saboda haka kada ka ƙirga gawa, ka ƙirga sabuwar huda a ganye. Kuma a fara da wuri, tun tsutsa na ƙanana, a maimaita duk mako, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Gonar da ƙwari suka riga suka gama da ita, dogon yaro ba zai tashe ta ba. A nan sai a nemi malamin gona.

Me ya sa za mu sha wannan wahala alhali ga kwalba a kasuwa? Kuɗi na ɗaya. Na biyu, guba ba ta tsayawa a gona. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Wanda Turawa suka ƙi, irinsa muke aunowa a kasuwar Tudun Hatsi mu yi wa yara ƙosai da alala.

Duk da haka, kasancewarsa daga itace bai mai da shi abin wasa ba. A rufe hanci da baki lokacin feshi, a kawar da bokitin daga yara. Masu noman rani a Dadin Kowa, kada ku wanke injin a cikin kogi ko magudanar ruwa, yana cutar da kifi. Tumatir da alayyafo a wanke su tas kafin a kai tukunya.

Aikin wannan mako: zaɓi kunya 10 a gonarka. Fesa wa 5, ka bar 5. Kowace Juma'a ka tsinko ganye 20 daga kowane ɓangare, ka ƙirga masu huda, ka rubuta adadin da kwanan wata. Ka zo da littafin aji bayan mako 3.